A Buɗe Ma'ajiya, Kada a Kira Dillali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ɗan fili in amsa wa marubucin nan da ya yi sharhi makonni biyu da suka wuce a kan gidan adana zane-zane na yankinmu. Ga wanda bai karanta ba, Malam ya je bikin buɗe baje kolin da aka kawo aro, ya ga bokiti biyu a ƙarshen zaure suna tarar ruwan da ke yoyo daga rufi, sannan wani ma'aikaci ya raɗa masa cewa abin da ke jikin bango bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da gidan ya mallaka ba, sauran suna kulle a ƙasa. Nan take ya yanke hukunci: tunda ba mai ganinsu, a zaɓi wasu a kai gwanjo, a gyara rufi, a sa sabbin fitilu, kowa ya huta.

Ni tsoho ne da ya yi shekara 26 a gidan nan kafin ritaya. Da gadin zaure na fara, ina tsaye daga safe har la'asar ina hana yara dangwala yatsa a fenti. Daga baya aka mayar da ni ƙasa, inda na yi shekara 19 makullin ma'ajiya yana kwana a aljihuna. Bokitan da Malam ya gani na san su. Shuɗin nan ma ni na fara ajiye shi a wurin, na yi ritaya na bar shi a bakin aiki. Don haka ban zo ƙaryata shi ba. Rufi na yoyo, kaya na kulle, jama'a ba sa gani, duk haka ne. Maganin da ya rubuta ne nake tsoron zai sa a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Batun kashi ɗaya cikin goma tukuna. Manyan gidaje na duniya ma mafi yawan kayansu a ma'ajiya suke kwana. Wani dalilin ƙarancin bango ne. Wani kuwa, wanda baƙo ba ya kawowa a ransa, haske ne. Haske yana cin launi kamar yadda asu ke cin ulu, a hankali, ba ƙara ba hayaniya. Zanen kalar ruwa a takarda, ko saƙa mai rini, ko tsohon hoto, ba a barin hasken da ke sauka kansa ya wuce lux 50 (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske), wato ɗan duhu-duhun nan da ke sa baƙi su riƙa tambayata ko ƙwan fitila ne ya mutu. Zanen fentin mai yana jure wajen 200. Rana tsaka a waje kuwa tana iya kaiwa 100,000. Kuma ɓarnar taruwa take yi, ta yau a kan ta jiya, in launi ya tafi ya tafi ke nan, babu gwanin da zai kira shi ya dawo. Shi ya sa ake fito da irin waɗannan wata uku ko huɗu, a mayar da su akwati su yi shekaru suna hutawa a duhu. Gidan Albertina da ke Vienna yana da zanen zomon nan da Albrecht Dürer ya yi a 1502. Mutane na tsallaka teku dominsa, amma galibin ranaku kwafinsa suke tararwa, na ainihin sai jefi-jefi ake fito da shi.

Ni ba a takarda na koyi wannan ba. A shekarata ta uku a ƙasa aka aiko daga wani babban ofis cewa mai gida yana son zane biyu su ƙawata masa ɗakin baƙi na ɗan lokaci. Shugabanmu na wancan zamani ba shi da bakin cewa a'a, ni kuwa ko tambayata ba a yi ba. Ɗayan zanen kogi ne da yamma, kalar ruwa, samansa ja-ja mai sirkin shunayya, irin na bayan faɗuwar rana. Sai da ya shekara shida ya dawo. Da na kwance ƙusoshin bayansa na zare shi daga firam, sai ga wani siririn layi zagaye da gefensa, faɗin ɗan yatsa, inda katako ya rufe takardar. A nan launin asali yake da ransa kamar jiya aka shafa shi. Sauran saman duk ya koma kalar tsohuwar jarida. A gaban taga aka rataye shi. Na biyun bai dawo ba har na bar aiki, kuma har gobe in aka buɗe rajista za a ga an rubuta "yana aro" da rubutun hannuna.

To, mu zo kan gwanjo. Malam ya ɗauka dillali zai shigo ya kwashe mana tarkacen da ba ma so, ya danƙa mana kuɗi. Na taɓa raka wani mai ƙiyasta kaya ɗaki-ɗaki saboda batun inshora, na ga yadda idonsa ke aiki. Kanta goma ya wuce bai tsaya ba. Zanen ɗaliban da daga baya suka zama malamai, tukwanen da aka tono, hotunan unguwannin da aka rushe, ko sunkuyawa bai yi ya duba su ba. A wuri biyar ko shida kaɗai ya ciro tabarau da ƙaramar tocila. Cikin dubban kaya, waɗannan ne za su iya biyan kuɗin rufi. Kuma su ne dalilin da ya sa wani gida daga nesa ke amsa wasiƙarmu, su ne ɗalibar jami'a ke hawa mota tun asuba ta zo gani. In aka sayar da su, ma'ajiya tana nan maƙil yadda take, gara tana nan, ƙura tana nan, sai dai an ƙwaƙule mata ido.

An gwada wannan a wani wuri, kuma ƙarshensa ba a ɓoye yake ba. Garin Northampton na Ingila yana da gidan tarihi da zane irin na yanki. A cikin kayansa akwai mutum-mutumin Sekhemka, wani magatakarda na tsohuwar Masar, zaune da takarda a cinyarsa, an sassaƙa shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce, tsayinsa santimita 75 kacal. Hukumar garin ta kawo hujja irin ta Malam sak: yana ma'ajiya, ba a kallonsa, za a faɗaɗa gini da kuɗinsa. Ranar 10 ga Yuli 2014 aka buga masa guduma a gwanjon Christie's na Landan a kan fam miliyan 15.76. Kashi 45 cikin ɗari na kuɗin ya tafi ga magajin dangin da abin ya fito daga hannunsu tun farko. Jakadan Masar ya yi Allah wadai. Wata bai cika ba Arts Council England, hukumar da ke tantance gidajen tarihi a Ingila, ta janye wa gidan shaidarta ta amincewa, abin da ya toshe masa ƙofofin tallafi na shekaru. A 2016 Sekhemka ya bar Ingila, ba a bayyana wanda ya saya ba. An faɗaɗa ginin, gaskiya ne, an sake buɗe shi a 2021. Amma yaron da ya shiga sabon zauren ba zai ga magatakardan ba, sai dai a nuna masa a waya.

Detroit ta Amurka ta shiga ƙuncin da ya fi namu nesa ba kusa ba. A watan Yuli 2013 birnin ya ayyana karayar arziki, bashin da ke kansa wajen dala biliyan 18, 'yan fansho na jira, masu bin bashi sun zuba wa gidan zane na birnin ido. A can akwai hoton da Van Gogh ya zana na kansa, wanda birnin ya saya tun 1922, akwai kuma zanen ma'aikatan masana'antar mota da Diego Rivera ya yi a jikin bangon tsakar gidan tsakanin 1932 da 1933. Christie's ta ƙiyasta kayan da aka saya da kuɗin birni a tsakanin dala miliyan 454 da 867. Ba a sayar da ko ɗaya ba. Gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da gidan kansa suka yi alkawarin dala miliyan 816 cikin shekara 20 don tallafa wa fansho, da sharaɗin a fitar da kayan daga hannun birni a sa su amana. Abin da ya fi burge ni ma ya riga wannan: a 2012 mazauna gundumomi uku da ke kewaye suka kaɗa ƙuri'a suka ɗora wa kansu ɗan harajin gida don gidan ya rayu, su kuma su riƙa shiga kyauta, a 2020 suka sabunta. Mutum ba ya ɗora wa kansa haraji a kan abin da bai taɓa gani ba. Ka riƙe wannan, Malam Edita, zan dawo kansa.

Akwai kuma batun amana, wanda dillali ba ya sa shi a sikeli. Fiye da rabin abin da na kula da shi ba saye aka yi ba, kyauta ce. Ina tuna wata dattijuwa da ta zo da akwatin ƙarfe, jikanta na ɗauke da shi, cike da littattafan zanen marigayi mijinta, malamin makaranta da ya shekara talatin yana zana gadoji da itatuwa da fuskokin ɗalibansa da fensir. Muna ƙirgawa, ina rubuta lamba a bayan kowane shafi, ita tana zaune a kan kujerata don ita kaɗai ce kujera a ɗakin. Da za ta sa hannu sai ta ɗago ta ce, "Ɗana, ba za ku sayar ba ko?" Na ce, "Baba, nan ba a sayarwa." Ta ce, "To, na bar maka da Allah." Ranar da labarin gwanjo ɗaya ya fita a jaridarku, duk mai irin wannan akwati a ƙarƙashin gado zai bar shi a inda yake, ko ya kai wa dillalin da kansa, tunda dai can za a ƙare.

Sannan wa ya san abin da ba shi da amfani? Hilma af Klint ta ƙasar Suwidin ta rasu a 1944 ta bar zane sama da 1,000, da wasiyyar kada a nuna su sai bayan shekara 20. A 1970 aka yi wa babban gidan zanen zamani na Stockholm tayinsu kyauta, ya ce ba ya so. Da gidan Guggenheim na New York ya baje su daga 2018 zuwa 2019, mutum sama da 600,000 suka shiga kallo, adadin da gidan bai taɓa gani ba. A ɗaya gefen kuma ga gidan Grenoble, na lardi ne a Faransa, wanda ya karɓi zanen Picasso a 1921 tun manyan gidajen Paris ba su waiwaye shi ba. Idon ƙwararru ma yana kuskure, kuma gidan yanki yakan riga babban birni gani. Tukwanen Ladi Kwali da ke gidan Victoria and Albert na Landan yau, da can a idon wani tukwane ne kawai.

Amma ba na son in jingina hujjata kan cewa wata rana kayanmu za su yi tsada, don yawancinsu ba za su taɓa yi ba. Muna da zanen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, aikin wani mai rubutun allon shaguna, a kan falankin da ya samu, da ragowar fentin da ya rage masa daga aikin wani. Ƙafafun mutanen ciki sun fi ƙarfin jikinsu, hayaƙin jirgin kamar auduga. Mai ƙiyasta kayan nan ko kallonsa bai yi ba. Bayan an rushe tashar, wani malamin tarihi ya zo da ɗalibai goma sha biyu yana neman yadda rufinta yake, don duk hotunan da ya samu daga gaba aka ɗauke su. Na ɗora falankin a tebur. Mutumin nan da bai iya zana ƙafa ba ya zana kowane ginshiƙi, ya ƙirga tagogi daidai, har agogon da ke saman ƙofa da lokacin da yake nunawa. Suka yi awa biyu a kansa. Wata ɗaliba ta gano kakanta a cikin masu dako, ko dai ta ce ta gano shi, ni ban musa mata ba. Babban gidan ƙasa ba zai ajiye wannan falanki ba, ba shi da dalili. In gidan yankin bai ajiye ba, ya tafi murhu.

Inda zan tsaya tare da Malam kafaɗa da kafaɗa shi ne a kan cewa ma'ajiyar da ba a leƙawa haɗari ce. Ran gidan zane yana cikin rajista. Kowane abu da ya shigo ana ba shi lamba mai gaɓa uku: shekarar shigowa, rukunin da ya zo a ciki, da matsayinsa a rukunin. A rubuta ta da fensir a bayan takarda, ko a ɗaura ta da zare a jikin sassaƙa, a shigar da ita littafi tare da awo, da sunan mai bayarwa, da kantar da aka ajiye shi. Abin da ba shi da lamba, ko an ɗauke shi ba wanda zai iya rantsuwa ya taɓa zama a wurin. A watan Agusta 2023 British Museum, babban gidan tarihin nan na Landan, da duk girmansa, ya sanar cewa kaya wajen 2,000 sun ɓata ko an sace ko an lalata, galibi ƙananan duwatsu masu daraja da kayan zinariya daga ma'ajiya, da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, wasu har a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, aka gan su. Daraktan gidan ya ajiye aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ma gini ba abin wasa ba ne. Daren 2 ga Satumba 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Brazil da ke Rio de Janeiro, mai shekara 200 da kaya kusan miliyan 20, bincike kuma ya nuna daga wayar na'urar sanyaya ɗaki wutar ta tashi, bayan shekaru ana kukan rashin kuɗin gyara. Ruwan da ke ɗiga a bokitina yana ɗaga laimar ɗakin, laima in ta haura kashi 65 zuwa 70 fumfuna ta samu gida, in kuma ta sauka farat ɗaya katako ya tsage, fenti ya ɓare. Don haka a gyara rufin, yau ba gobe ba. A kasafin kuɗi ake gyara rufin ginin gwamnati, kamar na kotu da na asibiti, ban taɓa jin an ce alƙali ya sayar da kundin shari'a ya sayi kwano ba.

Ina so kuma in ce wani abu game da baje kolin aro, wanda shi ne kaɗai ke fito da wakilanku. Ba na ƙinsa. Yana kawo mana abin da ba za mu taɓa mallaka ba, yana sa wanda bai san hanyar gidan ba ya tambaya. Amma na ga abin da yake ci. Akwatunan katako masu soso a ciki, kowanne an ƙera shi daidai da zane ɗaya. Kuɗin inshora daga ƙusa zuwa ƙusa, wato daga lokacin da aka sauke zane a bangon masu shi har ya koma. Ɗan rakiya da ke biyo kayan, wanda ba a buɗe akwati sai yana tsaye, kuma sai akwatin ya kwana a ɗakin don ya saba da iskarsa. Mu sa safar hannu, mu bi kowane zane da tocila a karkace, mu rubuta duk ƙwarzane da tsaga, shi ya sa hannu mu sa hannu. Kuɗin baje koli ɗaya na wata uku da na gani da idona zai iya saya mana kantocin ƙarfe da akwatunan da ba sa cin takarda, ya ɗauki matasa biyu su kammala rajista. Kuma don a samar wa baƙin wuri, namu ake saukewa a tura ƙasa, wasu ba sa sake hawowa. Ranar buɗewa a yanka ƙyalle, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Bayan wata uku motar ta zo ta kwashe, a bar mu da ramukan ƙusa muna cikewa. Kayan aro ba ya rufe katara. Har ma shi aron, ba a ba wa wanda ba shi da abin bayarwa. Gidajen nan suna ba mu ne don sun san wata rana za su nemi ɗaya daga cikin biyar ko shidan nan da Malam ke son a sayar.

Laifinmu mu ma'aikata kuwa ba zan rufe shi ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun mayar da makulli sarauta. Akwai zauren da na bari yadda na same shi, zane ɗaya a ƙusa ɗaya shekara da shekaru, har bangon bayansa ya canza launi. Wanda ya zo yana firamare ya dawo da 'ya'yansa ya tarar da abu ɗaya, me zai sake kawo shi? Ga takardun bayanin da muke mannawa a gefe: suna, shekara, awo, shi ke nan, ko kuma dogon turancin da mu kanmu ba ma iya maimaitawa. Wani bincike da aka yi a gidan Metropolitan na New York, aka wallafa a 2001, ya nuna matsakaicin tsayuwar mai kallo a gaban zane daƙiƙa 27 ce. Ni da na yi gadin zaure ba na bukatar agogo in gaskata. Amma na lura in ka matsa kusa da mutum ka ce masa, "Dubi hannun hagu, mai zanen ya goge ya sake, ga inuwar na farkon nan," sai ya yi minti biyar, ya kira abokinsa.

A Rotterdam ta Holand sun ɗauki matsalar nan ta ƙeya. A Nuwamba 2021 gidan Boijmans Van Beuningen ya buɗe ma'ajiyarsa ga kowa, gini mai siffar kwano lulluɓe da madubi, kaya kusan 151,000 a ciki, mai ziyara na ganin zane a jikin ragar ƙarfe da masu gyara suna aiki ta bayan gilashi. Ba mu da kuɗinsu, ba kuma sai da shi ba. A shekaruna biyar na ƙarshe na roƙi izini aka ba ni tebur ɗaya da ranar Laraba. Kowane mako in fito da abu uku daga ƙasa, in shimfiɗa su, in rufe labulen taga, duk wanda ya zo in juya masa bayan zanen ya ga lamba da tambarin mai firam da rubutun mai shi. Makon farko mutum huɗu suka zo, biyu ma ruwa ne ya koro su. Kafin shekara ta zagayo sai da na riƙa shigar da mutane goma-goma. A teburin nan wani tela ya gyara mana sunan wani ɗinki da muka shekara ashirin muna rubutawa ba daidai ba. Da na yi ritaya aka ɗauke teburin aka kai ofishin akawu. Wannan ne abin da na ce ka riƙe game da Detroit: mutanen da suka zauna a teburin nan, in aka ce musu rufi na yoyo a kan falankin tasha, za su bi wakilinsu har gida.

Kada a ce na ce ba a taɓa fitar da komai daga rajista. Ana fitarwa. Abin da gara ta cinye har ba ya gyaruwa, kwafi na uku na abu ɗaya, ko abin da wani gidan ya fi mu dacewa da shi, sai a miƙa masa ya ci gaba da zama na jama'a. Ana yin haka da kwamiti, da rubutu, a bainar jama'a. Ƙa'idar aiki ta Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta ce duk kuɗin da aka samu ta wannan hanya kan tarin kayan kaɗai za a kashe shi, galibi wajen sayen wani abin da zai shiga cikinsa. Kwanon rufi da fitila da albashi ba sa ciki.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka turo wakilinka ranar da ba biki, ranar da ba mai jawabi. Kada ya tsaya a zaure. Ya nemi a nuna masa rajista, ya buɗe shafi uku da ka, ya zaɓi lamba ɗaya a kowanne, ya ce a kai shi kantar da abin yake. Ya tambayi yaushe aka yi ƙidayar ƙarshe, kaya nawa ne aka rubuta "yana aro" da sunan ofisoshin da suke, nawa ne aka sauya a bango cikin shekara biyun da suka wuce, nawa aka ware wa rufi a kasafin bana kuma nawa ya iso. Sannan in za ka iya ba da kwata ɗin shafi sau ɗaya a wata, a ɗauki hoton abu ɗaya daga ƙasa a buga da labarinsa. Shi kuwa Malam marubuci, ina gayyatarsa mu je tare. Makullin ba ya hannuna yanzu, amma yaron da na koya wa aikin yana nan, kuma na san ba zai hana ni shiga ba. Ya zo da rigar da ba ya jin tausayinta, akwai ƙura. Zan fara nuna masa zanen kogin nan, in zare shi daga firam ya ga gefen da idonsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon mai kula da ma'ajiya, mai ritaya